Ɗazu Yaushe?

Ni da yayana gida ɗaya muka tashi a Tudun Wada, kuma ko da muka yi aure ba mu yi nisa da juna ba. Katanga ce kawai tsakanin ƙofarsa da tawa. Shi tela ne, a yankan babbar riga ya yi suna, har daga cikin birni ake kawo masa shadda ya yanka. Ni kuwa kayan wuta nake sayarwa, ƙwan fitila da waya da fanka, in an saya kuma in bi mutum in ɗaura masa. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, don haka ba bayanin likita zan yi ba. Abin da na gani zan faɗa, da abin da na ce, da wanda na riƙe a baki.

Ina da wani hali tun ina saurayi: ba na son zancen da zai ɓata wa mutane rana. In abu ya yi muni sai in nemo masa suna mai laushi. A kasuwa wannan hali ya amfane ni, ana cewa ba ni da rigima. Ban taɓa zama na duba shi a matsayin aibi ba sai bayan ranar da zan ba da labarinta.

Lokacin bazara ne, ana tsananin zafi. Mun fita sallar Asuba tare kamar kullum. A hanyar masallaci yana ta yi mini tsiya a kan fankar da na ɗaura masa a ɗaki, wai ƙararta ta fi iskarta yawa. Maganarsa garau, tafiyarsa garau. Da aka sallame muka sa silifas muka kamo hanyar gida. Ba mu kai kwanar layinmu ba silifas ɗin ƙafarsa ta dama ya zame, shi kuma ya ci gaba da tafiya ƙafa ɗaya a ƙasa. Bai ji ba. Ni na koma na ɗauko.

"Yaya, ka yar da takalmi."

Ya duba ƙasa ya ce, "Au."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Barci ne bai sake ni ba."

Na ajiye masa ya sa. Sai da ya laluba da ƙafa kafin ya samu bakin takalmin. Na gani, muka ci gaba da tafiya.

Da gari ya waye muka zauna a teburin mai shayi na bakin titi. Yaya ya ɗaga kofi ya kurɓa, sai shayin ya gangaro ta gefen bakinsa ya sauka a gaban rigarsa. Mai shayin abokin wasansa ne, bai bari ta wuce ba.

"Alhaji, yau rigar ce ke jin yunwa? Ka faɗa mini in ƙara mata suga."

Aka yi dariya. Yaya ma ya yi, amma gefe ɗaya na fuskarsa ne ya yi dariyar, ɗayan yana nan a sake. Mai shayi ya daina zuba ruwa ya dube shi da kyau, ya ce, "Kai, Alhaji, bakinka kamar ya ɗan karkace."

Ni na amsa kafin Yaya ya amsa. Na ce, "Fanka ce. Ya kwana a ƙarƙashinta ba riga, sanyinta ya buge shi. Rana na ɗagawa zai sake."

"To kai da ka ɗaura ta kai ne mai laifi ke nan," in ji mai shayi, aka sake yin dariya, zancen ya wuce.

A unguwarmu kowa ya san wannan magana ta iskar fanka, ba ni na ƙirƙiro ta ba. Amma na san Yaya yana da hawan jini, na kuma san ba ya shan maganinsa sai ranar da kansa ya yi ciwo. Da wannan sanin na zaɓi fanka, don ina da aiki a unguwar Kongo ranar, wani gidan haya na ɗalibai da zan ɗaura wa fankoki, mai gidan kuma ya gaji da jirana.

Ina kan tsani da hantsi wayata ta yi ƙara. Matar Yaya ce. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji, ba ta kira na ba tare da ta fara da "maigida ƙarami" ba. Ranar ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Kana ina? Ka zo ka ga yayanka. Almakashi sai suɓuce masa yake yi, maganarsa kuma kamar ya cika baki da tuwo."

"Ba shi wayar."

Na ji motsi, na ji numfashinsa. Na ce, "Yaya, ya jikin?"

Ya daɗe kafin ya ce, "Da sauƙi." Harafin ƙarshe ma bai fita ba.

Da ta karɓi wayar na ce mata, "Kin ji dai da kunnenki, ya ce da sauƙi. Ki shafa masa man zafi a kumatu, ki kashe fankar nan, ya kwanta ya huta. Ina gama ɗakunan nan zan zo."

Babu Bahaushen da bai san "da sauƙi" ba labari ba ne. Ladabi ne da godiya ga Allah. Mahaifinmu a ranar da zai rasu, duk wanda ya shigo duba shi abin da ya ce masa ke nan. Na san haka sarai, amma na karɓi kalmar kamar sakamakon gwaji, na koma kan tsani.

Ana kiran Azahar ta sake bugowa, wannan karon kuka take yi. Wai Yaya ya tsuguna zai yi alwala ya kife. Na hau acaɓa na dawo. Na same shi a tsakar gida, buta a gefe ruwa ya malale, maƙwabta sun cika gidan, wani yana fifita, wani yana tofi. Idonsa a buɗe, yana kallonmu, hannun dama da ƙafar dama kuwa kamar ba nasa ba. Na ɗebo ruwa a kofi na tallafi kansa na ba shi, don ban san wani abin da ake yi wa wanda ya faɗi ba. Ya sarƙe, ya yi ta tari har fuskarsa ta canja. Wani maƙwabcinmu mai mota ya ce a bar ruwan nan a sa shi a mota. Ni na shiga baya na rungume shi. Matar Yaya ta tsaya neman wadda za ta bar wa yara, ta ce za ta biyo mu a keke.

A babban asibiti, sashen taimakon gaggawa, ban ga an tsaya dogon gaisuwa ba. Aka ɗora shi a gado mai taya, wata nas ta tsira masa yatsa ta duba suga, wata ta ɗaura masa abin awon jini, aka manna masa wayoyi a ƙirji. Likitar mace ce, yarinya a idona, da tabarau, Hausarta irin tamu ta Zazzau. Ta sunkuya ta ce, "Baba, yi mini murmushi. Yauwa. Ɗaga hannu biyu. Riƙe su a sama." Na hagu ya tsaya, na dama ya faɗo. Ta nuna masa biro ta ce ya faɗi sunan abin. Ya buɗe baki, ya rufe.

Sai ta juyo wurina. "Kai ne wa nasa?"

"Ƙaninsa."

"Malam, yaushe abin ya fara?"

"Ɗazu."

"Ɗazu yaushe?"

"Ɗazun nan."

"Malam, ɗazu tana da faɗi. Wani ɗazunsa minti goma ne, wani tun safe. Ƙarfe nawa?"

"Ana kiran Azahar ya faɗi."

Ta dubi agogon hannunta. "Kafin nan fa? Lafiyarsa ƙalau?"

Na ce, "Ai tare muka yi Asuba, har shayi muka sha."

Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Da Azahar ya faɗi, tare muka yi Asuba, mun sha shayi. Na jera mata gaskiyar da ba za ta kunyata ni ba, na bar sauran.

Ta yi mini bayani a tsaye, da sauri, amma na gane. Ta ce shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ko dai jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa jini ya zuba, ko kuma gudan jini ya toshe jijiyar, wurin da take kai wa jini ya fara mutuwa. Hoton kai ne zai raba. In toshewa ce, akwai allurar da ke narkar da gudan, ba kullum ake samunta ba amma a lokacin suna da ita. Sai dai tana da iyaka, awa huɗu da ɗoriya daga lokacin da aka ga mutum lafiyarsa ƙalau na ƙarshe. In an wuce haka, naman wurin ya riga ya yi rauni, allurar tana iya sa jini ya ɓalle a cikin kai, mutum ya mutu a hannunsu.

"Shi ya sa nake matsa maka da tambayar lokaci," in ji ta. "In daga Azahar ne, muna ciki. Ƙila mu ceto masa hannun da maganar."

Na ce, "Allah ya sa."

Aka tura shi ɗakin hoto, aka ce in jira. Na zauna a wani benci kusa da labule. Na ji abin da ta faɗa, na kuma iya lissafin tsakanin Asuba da lokacin. Amma sai na riƙa gaya wa kaina cewa na safe daban ne, na fanka ne, ciwon gaskiya da Azahar ya zo. Na kuma ce a raina in na yi magana za a hana shi allurar da za ta dawo masa da hannu, don haka shiruna ma taimako ne. Akwai abu na uku da ban faɗa wa kaina ba a lokacin: in na ce tun Asuba ne, za a tambaye ni me na yi tun Asubar.

Ina nan zaune na'urar gadon da ke bayan labulen ta canja kuka. Wani dattijo ne a gadon, an kawo shi da ciwon ƙirji, ɗansa yana tsaye yana yi masa fifita da kwali. Wata nas ta yaye labulen, ta kira dattijon da ƙarfi, ta sa yatsu a wuyansa, ta ɗaga murya ta kira sauran. Kafin in miƙe ta taka wani ɗan matakin ƙarfe, ta haɗa hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa tana dannawa da dukan nauyinta, da sauri, ba tsayawa. Wani ya zo da abu kamar balan-balan mai kauri ya rufe masa hanci da baki yana matsa iska. Aka turo wata na'ura, aka yage rigar dattijon, aka manna masa faifai biyu.

Ɗan ya yi kansu. "Za ku karya masa ƙirji! Ku bar shi ya cika da mutunci, ku bar ni in laƙƙana masa kalmar shahada!"

Wani likita namiji, babba, wanda ya karɓi jagorancin aikin, bai ko waiwayo ba ya ce, "Faɗa masa daga nan, Malam, da ƙarfi. Kai ka yi naka mu yi namu. Amma kada ka taɓa gadon."

Ɗan ya tsaya a inda yake yana ta maimaita shahada. Likitan ya dubi na'ura ya ce, "Kowa ya ja baya. Ku ɗauke hannu." Ya danna, jikin dattijon ya zabura. Nan take wani ya karɓi nas ɗin da ta gaji ya ci gaba da dannawa. Aka zura allura ta wata roba da ke manne a jijiyar hannunsa.

Akwai wata nas da ba ta taɓa dattijon ba sam. Tana tsaye a ƙafar gado, idonta a agogon bango. Duk sanda likitan ya ce, "Tun yaushe?" sai ta ba shi amsa da minti. Ita ke cewa lokacin canja mai dannawa ya yi, ita ke cewa lokacin wata allurar ya yi. Ban ji ta ce yanzun nan ko an ɗan jima ba ko sau ɗaya. Aka sake cewa a ja baya, aka sake dannawa. Can sai likitan ya sa yatsu a wuyan dattijon ya daɗe, ya ce, "Zuciya ta dawo." Aka zura masa bututu ta baki, aka tura gadon da gudu zuwa wani sashe. Ban san ko ya rayu bayan nan ba. Ɗan ya bi su, kwalin fifitar na hannunsa.

Ban tashi na nemi likitar Yaya ba. Ya kamata in rubuta cewa abin da na gani ya sa na ruga na gyara maganata, amma ba haka aka yi ba. Na koma benci na zauna, ina kallon ƙasa.

Matar Yaya ta iso, aka bar ta ta shigo. Kusan tare da ita aka dawo da shi daga hoto. Likitar ta zo da sauri, wata nas na bayanta da tiren allura. Ta ce ba fashewa ba ce, toshewa ce. Amma ba ta yi murna ba.

"Malam, akwai abin da bai kwanta mini ba. Wurin da ya lalace ya riga ya fito a hoto, ya yi duhu. Abin da ya fara da Azahar bai cika nunawa haka da wuri ba. Zan sake tambaya, kuma daga amsar nan zan yi allurar ko in bari." Ta juya wurin matar Yaya. "Hajiya, ke ce matarsa? Yau da safe yaya kika gan shi?"

Matar Yaya ta ɗago ta dube ni. A gaban baƙi ba za ta ƙaryata ƙanin mijinta ba, ba kuma za ta bar a yi wa mijinta allurar ba. Jira take in faɗa da bakina. Na san in na ƙara yin shiru kaɗan za ta yi magana, daga nan kuma babu sauran abin da zan ce.

Na ce, "Akwai dai ɗan abin da na gani da Asuba."

Ko a nan sai da na ce "ɗan abin".

Na faɗi zancen takalmi, da na shayi, da wayar hantsi. Likitar ta tambaye ni ko a hanyar zuwa masallaci lafiyarsa ƙalau. Na ce ƙalau, har tsiya yake mini. Ta ce to a hanyar dawowa abin ya fara, kuma ni kaɗai ne na ga farawarsa. Ta juya ta ce wa nas ɗin ta mayar da tiren. Ta tambaya ko an ba shi wani abu ta baki bayan ya faɗi. Na ce na ba shi ruwa ya sarƙe. Ta ce kada a sake, ko tofi ne, sai sun gwada haɗiyarsa.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Na gode da ka faɗa, Malam. Allurar nan ba tasa ba ce yanzu. Akwai wani aiki da ake zura siririyar waya ta jijiya a zaro gudan, amma ba mu da kayansa a nan. Za mu kula da abin da ya rage." Ta wuce wurin wani majinyacin.

Na tambaye ta daga baya, a ɗakin kwanciya, ko da mun zo tun Asuba da ya warke. Ta ce ba ta sani ba. Wasu allurar na yi musu aiki sosai, wasu kaɗan, wasu ba ta yi. Abin da ta sani shi ne da sun samu damar gwadawa.

Yaya ya jima a asibiti. Ta hanci aka riƙa ba shi kunu da bututu. Ya yi zazzaɓi da tari mai tsanani, aka ce wani abu ne ya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. Ba wanda ya ce ruwana ne, ban kuma tambaya ba. Ni nake kwana da shi, ni nake juya shi, ni nake kai shi sashen gashi inda ake motsa masa gaɓoɓi. 'Yan unguwa da suka zo dubiya suna ta sa mini albarka, wai irin wannan ƙane sai an tona. Na karɓi albarkar ban gyara musu ba. Matar Yaya tana jin su, ba ta taɓa cewa komai ba. Tana gaishe ni da ladabi, tana aiko mini da abinci, amma wasan da ke tsakaninmu bai dawo ba.

Ƙafar ta dawo, yana tafiya da sanda yana jan ta kaɗan. Maganar ta dawo rabi, kalma ɗaya ko biyu, sai ya yi ta nema kafin ya samu. Hannun bai dawo ba. Yatsun sun naɗe cikin tafin, kullum da safe sai an buɗe su ɗaya bayan ɗaya an wanke an shafa mai. Ya bar shagon a hannun waɗanda ya koya wa ɗinki, suna yin kaftani da wando, masu babbar riga kuwa suka koma wasu wurare.

Da sallah ta matso na sayo masa shadda. A duk tsawon rayuwarsa bai taɓa sa rigar da wani ya yanka ba. Na kai wa wani tela a Gyallesu da ake yabo, na ba shi tsohuwar rigar Yaya ya bi awonta. Da aka gama na kawo, muka shimfiɗa ta a tabarma a gabansa. Ya daɗe yana kallo. Ya sa hannun hagu ya ja kafaɗa ɗaya, ya haɗa ta da ɗayar, ya bi bakin wuyan da babban yatsa. Ni ban ga komai ba. Ya ɗago, bakinsa na motsi, muka jira.

"Wuya," in ji shi. Ya sake nema. "Ya... kauce."

Ya miƙa hannun hagu yana nuna mini inda za a rage, ya kwatanta faɗin da ɗan yatsa. Na ce na gane. Na naɗe rigar na sa a leda, na fita neman acaɓan da zai mayar da ni Gyallesu.